Albasar Kwaɗi a Gindin Bangon Kaka

Ranar sadakar bakwai ta Kaka, Gwaggo Amsa, ƙanwar Baba, ta sake ba da labarin nan a tsakar gida, ina durƙushe ina zuba wa baƙi kunu. Ta nuna ni da baki ta ce wa mata:

"Kun ga wannan da ba ta magana? Ita ce ta fitar da Ya Gana daga ɗaki saura kwana ɗaya ya rufta mata. Idon Fanna ba irin namu ba ne."

Mata suka yi ta sa mini albarka. Ku ma, Hassana da Usaini, kuna wurin, na ga kuna kallona kamar ranar kuka fara ganina. Lokacin da abin ya faru shekarunku uku, ba ku san komai ba sai abin da aka gaya muku. Tun ranar sadakar nan na rasa sukuni. In na buɗe littafi don karatun jarrabawar fita sakandare, sai in tarar layi ɗaya nake ta maimaitawa, in tashi in leƙa waje, in dawo in zauna, in sake tashi. Kun san baki ba ya yi mini aiki, hannu ya fi mini sauƙi. Shi ya sa na ɗauko wannan littafin in rubuta muku yadda aka yi, domin labarin Gwaggo rabi ne, kuma rabin mai daɗin ta ɗauka.

Kakanmu ya zo Kano daga Barno da fataucin fata. Ya sauka a tashar jirgin ƙasa, ya samu fili a Fagge, ya gina ɗaki ɗaya na ƙasa mai rufin azara, sannan ya koma ya ɗauko amaryarsa Ya Gana, wadda mu muka tashi muna ce wa Kaka. Daga baya duk gidan ya koma bulo da kwano, amma ɗakin nan Kaka ta hana a taɓa shi. Kowace shekara kafin damina magini zai zo ya yi masa yaɓe. A bayan ɗakin akwai indararo da ke zubo da ruwan soro, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani tsohon dutsen niƙa a kife. Ni dai na ɗauka an gaji da shi ne aka yar a wurin. Ban taɓa tambaya ba, kamar yadda ban cika tambayar komai ba.

Lungunmu kuwa yana da wata al'ada da har yau ba a daina ba. Duk wanda ruwa ya shiga gidansa bana, baɗi zai kawo ciko ya ɗaga tsakar gidansa ya shafe da siminti, ruwan ya gangara gidan na kusa. Shi ma na kusan ya ɗaga nasa. A shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, maƙwabcinmu Alhaji Sabo ya ɗaga nasa, Baba ma ya shafe namu kaf. Abin da ya rage na ƙasa a gidan shi ne wani siririn wuri a gindin bangon Kaka, faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba, saboda magini ya ce bangon ƙasa ba ya shiri da siminti.

Idon Kaka ya riga ya yi yana a lokacin, duhu-duhu take gani. Amma hancinta da kunnenta ba a wasa da su. Da an fara hadari za ta zauna a bakin ƙofa tana shinshina iska, ta ce a garinsu akwai wani fure da ke fitowa a fadama da ruwan farko, fari mai jan layi, da yamma ƙamshinsa har cikin gari. Ta faɗi sunansa da yarensu, ban riƙe ba. Ta ce tun da ta hau jirgi ba ta sake jin ƙamshin nan ba. Inna ta yi dariya, ni kuwa na ajiye maganar a raina.

Baba yana ɗinki a shagonsa kusa da titin Ibrahim Taiwo, kuma shi ke ɗinka wa matan wani coci a Sabon Gari ankonsu. Mai karɓar kayan ita ce Mama Saratu, tsohuwar malamar firamare, mutuniyar wani ƙauye a ƙasar Zariya. Ni ake aika da kayan ranar Asabar. Wata Asabar, kwana biyu bayan ruwan farko, na shiga gidanta na tarar da abin da ban taɓa gani ba. A tsakiyar gidan akwai wani kwari mai faɗi, kamar an danna ƙaton faranti a ƙasa, duk kwatocin gidan can suke zuba. A cikinsa ga wasu ganyaye dogaye kamar na masara, ga kara ya miƙe a tsakiya ɗauke da furanni shida, farare, kowanne da jan layi a bayansa. Ƙudan zuma suna shiga suna fitowa da gari a ƙafafu. Na tsaya da ƙullin kaya a ka, na manta sallama.

"'Yar tela, kayan za ki ba ni ko furen kika zo aura?" in ji Mama Saratu.

Na sauke kayan. Da ƙyar na ce, "Mama, mene ne sunansa?"

"Albasar kwaɗi. Daga fadamar garinmu na haƙo ta. Ba ta ci ba ce, guba ce, kada ki ga suna ki kai wa innarki ta yi miya. Kin ga ramin nan? Shi ya raba ni da faɗa da maƙwabta. Ruwana ba ya zuwa ƙofar kowa, nan yake shanyewa."

Na ba ta labarin Kaka a guntule, kaina a ƙasa. Ta ɗauko fartanya ta haƙo guda ɗaya, ta kai girman dunƙulen hannun Baba, ta naɗe mini a tsohuwar jarida. Sannan ta kama kunnena, a hankali dai, irin na malamai.

"Saurara. Ramin kada ya wuce tsakiyar ƙwabrinki. Ki gauraya ƙasar da yashi. Ki bar wuyanta a waje. In ruwa ya kwana biyu bai shanye ba, kin buɗe wa sauro makaranta, ki ƙara yashi. Na ƙarshe kuma shi ne babba: taku goma daga kowane bango. Nawa na ce?"

"Goma, Mama."

"To, Allah ya raya."

Da na dawo gida na auna. Taku goma daga bangon Kaka siminti ne. Taku goma daga kicin siminti ne. Na zagaya gidan sau uku da albasar a cikin hijabi, babu ƙasa ko'ina sai wannan siririn wurin. Abin da ya kamata shi ne in je wa Baba in ce ya fasa mini siminti kaɗan. Na shirya maganar a raina har kwana biyu, in na zo gabansa sai in ce sannu da aiki in wuce. Ranar Litinin da rana, Inna ta tafi gidan barka tare da ku, Kaka tana barcin azahar, na sa ƙafa da kafaɗa na mirgina dutsen niƙan nan gefe. Na haƙa rami daidai inda indararo ke zuba, ina murna wai shukata ba za ta taɓa jin ƙishirwa ba. Na zuba yashi, na bar wuyan a waje. Duk abin da Mama Saratu ta ce na yi, sai guda ɗaya.

Albasar ta kama kamar da ma jira take. Ganye ya fito, ya yi tsawo, bayan 'yan makonni kara ya ɓullo daga gefe da kansa a rufe. Wata ranar Alhamis gab da magariba furanni biyu suka buɗe. Ina tsugune ina kallon wani ƙwaro mai dogon baki yana shawagi a kansu ba tare da ya sauka ba, sai na ji sandar Kaka. Ta zagayo tana dafa bango, ta tsaya, ta ɗaga kai.

"Wa ya kawo mini garinmu?"

Ta laluba ta kama kaina.

"Malama Shiru, ke ce? Ashe kunnenki na aiki ko da bakin ya yi yaji."

Ta sa aka kawo mata tabarma wurin. Ta yi ta magana da yarensu ita kaɗai, tana dariya, tana share ido. Baba ya dawo ya tarar da ita haka, ya ce kowa ya taɓa shukar nan shi da shi ne. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Baba bai lura da dutsen ba, ganye ya rufe wurin.

Ni na lura da komai, kuma nan ne labarin Gwaggo ya yi tsalle. Bayan ruwa na gaba na ga gindin bangon ya yi duhu har gwiwata, kuma rana ta fito ta faɗi bai bushe ba. Na ga yaɓe yana ɓantarowa kamar ɓawon gurasa. Na ga tururuwa sun yi layi suna kwashe fararen ƙwayayensu daga gindin bangon zuwa sama. Sannan na ga tsaga, siririya, ta taso daga ƙasa ta nufi indararo. Ranar farko tsinken tsintsiya ɗaya ne ya shiga. Na je bayan littafin lissafina na ja layi ɗaya. Bayan mako guda tsinke uku suka shiga tare. Ƙofar Kaka ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa, Inna ta ce sanyin damina ne ya kumbura katako. Na kwaɓa ƙasa na toshe tsagar, washegari ta dare ta zubar da ƙasar tawa. Na gwada mayar da dutsen, amma shukar ta cike wurin, sai dai in murƙushe ta, ga kara na biyu ya fito, Kaka kullum sai ta shafa shi ta ce saura kwana kaza.

Layi goma sha tara na ja a bayan littafin nan. Kwana goma sha tara ke nan Kaka tana kwana a jikin bangon, gadonta a manne da shi, ni kuma na sani. A aji malami zai kira sunana sau biyu ban ji ba, idona na kan taga ina duba gabas. Abinci ya daina shiga. In iska ta kaɗa labule sai gabana ya faɗi. Ina tsoron Baba, gaskiya ne, amma ba shi ne duka ba. Ina tsoron a tumɓuke shukar, a daina kallona yadda aka fara kallona tun ranar Alhamis ɗin nan. Wannan ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Ranar da ƙaramin yatsana ya shige tsagar Asabar ce. Na kai wa Mama Saratu kaya, ta tambaye ni shuka, na ce ta yi fure. Ta dube ni da kyau.

"To me ya rame da ke haka? Taku nawa kika bari?"

Na sunkuyar da kai.

"Fanna. Taku nawa?"

"Babu ko ɗaya, Mama. Bangon ƙasa ne. Ya tsage."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta leƙa sama, ta ɗauki mayafinta da lema, ta kulle ƙofa.

"Mu je wurin babanki. Zan raka ki, amma bakin naki ne."

Muka ratsa kasuwa tana gaba ina binta, ban san tsohuwa na sauri haka ba. Baba yana kan keken ɗinki, ya ɗago ya ce, "A'a, Malama, ɗinkin ne bai yi ba?" Ta ce ɗinki lafiya lau, 'yarsa ce ke da magana. Na buɗe baki na ce:

"Baba, bangon Kaka ya tsage ta baya. Yatsana na shiga."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce dutse ba, ban ce kwana goma sha tara ba. Mama Saratu ta tsaya tana kallona, tana jiran sauran. Sauran bai zo ba. Baba ya riga ya zura takalmi.

Fitar da Kaka ya fi komai wuya. Ta riƙe ƙafar gado ta ce ɗakin da mijinta ya gina da hannunsa ba zai ci amanarta ba, in ma zai faɗi ya faɗi da ita. Baba ya durƙusa yana cewa, "Ya Gana, don Allah, kwana biyu kawai, magini ya duba." Da ƙyar ta yarda aka kai ta ɗakinmu da akwatinta. Washegari bayan azahar aka tsuge da ruwa. Muna zaune muka ji wani nishi, kamar babbar saniya ta kwanta, sai ƙura ta taso cikin ruwan. Bangon baya ya zauna, azara ta biyo shi, gadon Kaka ya karye a ƙarƙashi. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta ce a ba ta carbinta.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba Baba ya fita ya buga ƙofar Alhaji Sabo. Duk lungu an ji su. Baba ya ce cikon da Alhaji ya yi ne ya turo ruwa ya cinye gindin bangon, ya kusa kashe masa uwa. Alhaji ya rantse kwatarsa titi take zuba. Mutanen da suka shekara talatin suna zama tabarma ɗaya suka koma sai gaisuwar masallaci, ita ma a tsaye. Ina bayan ƙyaure ina jin komai. Kuma a ranar ne Gwaggo Amsa ta fara cewa idon Fanna ba irin na kowa ba ne.

Baba ya so ya sake gina ɗakin da bulo. Kaka ta ce ba ta so, ɗakin da take so ya tafi, kada a gina mata na baƙi. Ta ce a kira mata malamar nan ta Sabon Gari. Mama Saratu ta zo ta auna da ƙafarta, ta zana da sanda a inda ɗakin yake, har ta sa Baba ya fasa simintin da yake alfahari da shi, yana fasawa yana ƙunƙuni. Aka yi kwarin da kuke wasa a bakinsa yanzu, aka juyo da kwatocin gidan ciki. Da ana kwashe ƙasar bango aka tarar da albasar a raye, har ta yi 'ya'ya uku a gindinta. Da rani ganyen ya bushe ƙurmus, Inna ta ce ta mutu, ruwan farko na sauka ta fito. Ruwa ba ya kai kwana biyu a kwarin nan. Gidanmu bai sake tura wa kowa ruwa ba. Amma Kaka ta ƙarasa shekarunta huɗu a kan katifa a ɗakin jikoki, cikin hayaniyarku, ba ta da ƙofar da za ta rufe ta ce nan nawa ne.

A damina ta biyu, wata yamma muna zaune a bakin kwarin ni da ita, ta miƙa ƙafa ta taɓa dutsen niƙan, wanda aka ajiye a gefe.

"Malama Shiru, dutsen nan fa da nauyi. Yaya aka yi kika mirgina shi ke kaɗai?"

Na ce, "Kaka, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Shekara hamsin ina jin ruwa na dukan dutsen nan, tas-tas-tas. Kakanku ya kife shi a wurin don ya watsa ruwa nesa da bango. Waccan shekarar ruwa ya sauka na ji luɓ, luɓ, kamar ana zuba kunu a ƙwarya. Tun ranar na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta yi 'yar dariya. "Ƙamshin nake so. Na ce bari wannan karan ya buɗe tukuna. Mu biyu muka rushe ɗakin nan, ni da ke. Sabo dai ba ya ciki. Ɗayanmu sai ta gaya wa babanki."

Na ce to. Ita ba ta faɗa ba, ina jin ni take jira. Ni kuma kullum sai gobe, har aka wayi gari babu ita. Yanzu saura ɗayanmu.

Wannan ɓangaren na ƙarshe bayan kwana biyu na ƙara shi. Jiya da safe na ɗora littafin nan a kan keken Baba, na buɗe masa shafin farko, na tsaya a bakin shago ban gudu ba, ko da yake ƙafafuna sun so. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya kai wurin layi goma sha tara ya cire tabarau ya daɗe yana kallon titi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, muka taho gida. A bakin kwarin ya miƙo mini fartanya.

"Haƙo guda ɗaya. Mai kyau."

Na haƙo, na naɗe a jarida. Ya gyara hularsa, muka fita, ya yi sallama a ƙofar Alhaji Sabo. Muka ji takun takalmi daga ciki. Baba ya ja baya taku ɗaya, ya tsaya a bayana.

"Bismilla," ya ce. "Ke za ki fara."